Hoton Ƙeyar Iya

Tun kuna ƙanana kuke tambayata dalilin da ya sa hoton da ya fi kowane girma a falonmu na ƙeyar tsohuwa ne. Na sha jin amsoshin da kuke ba baƙi. Wani cikinku ya ce kakata ce ta yi fushi ta juya baya, wata ta ce hannuna ne ya yi rawa lokacin ina koyo. Na kuma san ana faɗa a cikin dangi wai son hoto ne ya raba ni da jami'a, kamar yadda kiɗa ko yawon dandi ke raba wasu da karatu. Ban ga laifin kowa ba, tunda ni ne ban taɓa zama na ba ku labarin ba. Magana ba ta taɓa yi mini sauƙi ba, rubutu ya fi zo mini daidai. To ga yadda aka yi.

A shekarar ina makarantar share fagen shiga jami'a, na dawo Daura dogon hutu da farkon damina. Gidanmu na cikin gari, ba nisa da Kusugu, gidan maɗinka ne. Baba yana wuni a bakin zaure yana aikin babbar riga, farin zare a kan farin yadi. Ni ban gaji allura ba. In na idar da sallar asuba na shiga ɗaki da littafi, sai a manta ina gidan. Shi ya sa Iya Dije, mahaifiyar Baba, ta sa mini suna Na-ɗaka, kuma in tana cikin nishaɗi ta ce maigidana kurma. Da na dawo a wannan karon na tarar ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Daga gadonta zuwa tabarmar bakin ƙofa sai an riƙe ta. Bakinta ne kawai ciwon bai taɓa ba.

Kowa a gidan ya san Iya tana da ƙanwa, Hansai, wadda aka raba su tun suna yara. Mahaifinsu ya rasu a wata shekara ta yunwa, sai wata goggonsu ta ɗauki ƙaramar riƙo, ta bi mijinta ƙasar Damagaram da ita. Daga nan labari ya yanke. Iya ba ta yawan zancen, sai dai duk wanda ya ce daga arewa ya fito, sai ta tsare shi da tambaya har abincinsa ya huce. A wannan daminar Kawu Ila, ƙanin mahaifiyata, direban da ke ɗauko kanwa da dabino ta Kongolam, ya zo da magana. Ya ce a wani ƙauye kusa da Matamaye ya tsaya shan fura, ya ga tsohuwa mai zube irin na Iya sak, tsagogin nan da ke saukowa daga gefen ido zuwa haɓa. Ya tambaye ta asalinta, ta ce an ce mata Daura. Ya tambayi sunanta, ta ce Hansai.

Da Iya na da ƙafa, da maganar ta ƙare a ranar. Amma ita ba ta iya zama a mota, ita kuma Hansai 'ya'yanta suka ce ba inda za ta. A lokacin iyaka ba ta ƙetaruwa da sauƙi, sai an bi ta gonaki, kuma an taɓa ɗaukar tsohuwar zuwa wani gari a kan irin wannan labarin, aka tarar ba dangin ba ne, ta dawo ta kwanta ciwo. Suka ce sai sun ga shaida. Hansai da kanta ta faɗi shaidar: a cikin zuben yayarta akwai tsaga ɗaya da ta yi reshe biyu kusa da kunne, ta hannun dama. Da Kawu Ila ya faɗi haka a tsakar gida, Iya ta ɗaga ɗankwalinta kawai. Ga tsagar nan a kuncin dama, ta rabu biyu kamar ƙafar tsuntsu. An ce motsi ta yi a hannun wanzami.

Baba ya aika aka kira mai hoton kala, irin waɗanda ke bin gidajen biki, don a kai musu shaidar a hoto. Ya zo ya haska mata fitilarsa a fuska, aka kai Kano aka wanko. Mayafin ya fito da kyau, har furannin jikinsa. Fuskar kuwa ta yi ƙyalli kamar gindin tukunyar da aka shafa wa mai, babu tsaga ko ɗaya, duk sun ɓace cikin tamoji. Iya ta duba ta miƙo mini.

"Wannan matar wa ce, Na-ɗaka? In kishiya ka yi mini, ba ka iya zaɓe ba."

A hanyar tasha akwai shagon kayan babur na wani mutumin kudu da kowa ke kira Baban Ngozi. Ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Nakan je shagonsa karɓar tsofaffin jaridun da ake naɗo masa kaya a ciki, in karanta in mayar. A bangon shagon, sama da tayoyi, akwai wani hoto baƙi-da-fari na wata Bafulatana mai tallar nono, wanda kowane zane na fuskarta ya fito kamar ka sa hannu ka taɓa. Na daɗe da sanin hoton, amma sai bayan na ga na Iya na tsaya na dube shi sosai. Na yi ta zuwa shagon ina komawa ban iya buɗe baki ba, har shi ya gaji.

"Ɗan makaranta, jaridar nan ka karanta ta jiya, ka karanta ta shekaranjiya. Ko dai matar bangon kake so? Ta yi jikoki yanzu."

Na gaya masa abin da ake ciki, kaina a ƙasa. Ya ce shi ya ɗauki hoton, da can sana'arsa ke nan, kafin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya shiga ciki ya fito da gwangwanin biskit, ya buɗe a kan benci. A ciki akwai kyamara ta ƙarfe mai nauyi, da idanunta na gilashi guda uku naɗe cikin tsohuwar singileti, gajere da matsakaici da dogo. Ya ce a wajen wani tsohon mai hoto ya gaje su, shi ma a hannu ya same su, duk sun girme ni.

"Kyamara akwati ce kawai," in ji shi. "Ido shi ne mai gani. Ni nawa ya tafi, ba zan iya saita maka komai ba, kuma ko da ina gani ba za a shigar da ni cikin gidanku ba. In kana so, kai za ka koya."

Haka na fara. Kowane ido yana da zobba biyu. Ɗaya na nisa ne, kana murza shi har abin da kake kallo ya fito tar. Ɗayan na ƙofar haske ne, wasu siraran ƙarafa a cikin gilashin da ke buɗewa suna tsukewa. Lambobin da ke jikinsa a juye suke, babbar lamba ƙaramar ƙofa, ƙaramar lamba babbar ƙofa, kuma na yi kwanaki hannuna yana bin hankalin lissafin makaranta yana kai ni inda ba nan ba. Zoben nisa na matsakaicin ya ƙage don tsufa, sai ka riƙe shi cikin tafin hannu ya ji ɗumi kafin ya yarda ya juya. Gilashinsa ma ya yi rawaya-rawaya. Na ɗauka lalacewa ce, Baban Ngozi ya ce a baƙi-da-fari wannan rawayar alheri ce, tana sa sama ta yi duhu, fata ta fito da jikinta. Kyamarar ba ta da abin auna haske. Na tambaye shi ko akwai littafin da zan karanta, ya yi dariya har da tari.

"Littafin yana ƙasan ƙafarka. Dubi inuwarka. In bakinta ya yi kaifi kamar an yanka da reza, tsuke ƙofa. In ya yi laushi, buɗe. In ba ka ga inuwa ba sam, buɗe duka ka riƙe numfashi."

Makonni na yi ina yawo da kyamara ba fim a ciki, ina saita nisa a kan bango, a kan akuya, a kan igiyar guga. Da ya ga hannuna ya faɗa, ya ciro fim daga wata ƙaramar tukunya da yake ajiyewa ƙarƙashin randa don sanyi. Na farko duk ya lalace. Na ɗauki abokan aikin Baba a zaure, rigunansu suka fito, fuskokinsu suka zama baƙaƙen ramuka. Baban Ngozi ya ce farar riga ce ta ruɗe ni, a garin nan duk mai hoto sai ya zaɓa tsakanin riga da mai riga. In fuska nake so, in buɗe wa fuska, in bar riga ta ƙone. Sauran darasin a zaurenmu na gano shi. Na lura Baba ba ya taɓa fuskantar ƙofa in yana aiki, kullum gefe yake ba ta, domin farin zare a kan farin yadi ba ya ganuwa sai haske ya zo masa ta gefe ya yi masa 'yar inuwa. Tsaga ma haka take. Fitilar mai hoton kala ta zo ta gaba, ta cike kowane rami da haske, shi ya sa aka rasa komai. Na gwada a kan ƙwarya mai sassaƙa, na gwada a kan aikin rigar Baba in ya tafi masallaci, har na iya fito da zare ɗaya-ɗaya.

A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da muke toshewa da barguna, a nan muke wankin fim. Ranar da na ɗauki Iya, na zaunar da ita gefen ƙofar ɗakinta da hantsi, na sa ta ɗan karkata fuska yadda kuncin dama zai sha haske. Da fim ɗin ya bushe na kawo mata dodon, wato baƙin fim ɗin da ake buga hoto daga jikinsa, na ɗaga mata shi a rana. A jikin dodo komai a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari.

"Ikon Allah. Gashi baƙi wuluk, fuska fara sol. Ashe a cikin akwatinka yarinya ce ni, kuma Baturiya. Bar mini wannan, ka kai musu ɗayan."

Hoton ya fito yadda nake so. Ana iya ƙirga tsagogin, reshen nan kuwa kamar a ranar aka yi shi. Har Baba ya riƙe shi ya ɗan jima kafin ya miƙa wa Kawu Ila. Muka zauna jira. Iya ta sa aka wanke mata zannuwanta na fita, aka turara.

Kawu Ila ya dawo shi kaɗai. Ya zauna a zaure ya cire hula, ya ce tsohuwar ta karɓi hoton ta duba, ta sa yatsanta na dama a gefen takardar na dama, ta shafa, ta ce babu. Ya nuna mata reshen a ɗaya gefen, ta ce ta gani, amma na yayarta ba a nan yake ba, a nan yake, tana buga gefen dama. Ya yi mata bayani har ya gaji. Ta ce ita dai ba ta san wannan fuskar ba. 'Ya'yanta suka ba shi haƙuri, suka ce a bar tsohuwa ta huta.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne ko na kifa dodon a cikin injin bugawa, dama ta koma hagu. Na faɗi haka a fili, na tashi na tafi shago. Baban Ngozi ya sa na duba da kaina: gefe mai ƙyalli sama, marar ƙyalli ƙasa, rubutun bakin fim yana karantuwa daidai, ƙofar ɗakin Iya tana inda take a gida. Babu kuskure. Na dawo na gaya wa Baba. Ya soke allurarsa a jikin rigar, ya dube ni.

"Ka ce ana iya juya shi?"

"Ana iyawa, Baba."

"To je ka juya shi. Ka sa mata tsagar inda take so."

Ban taɓa yi wa Baba musu ba a rayuwata, ko a kan abinci. Kuma ina so ku sani maganarsa ba ta banza ba ce. Mahaifiyarsa ce ke kwance, kowa ya ga kumburin ya wuce gwiwa, shi abin da yake so a sa tsohuwar can a hanya kawai. Amma na ce ba zan iya ba. Na ce in ta zo ta zauna gaban Iya, tsagar za ta koma inda ta gan ta a hoton farko, ta ce an yaudare ta, kuma a wannan karon a gaban Iya za ta faɗa.

"Kafin nan dai ta zo," in ji Baba.

"In ta zo ta juya, Iya ba za ta ɗauka ba."

"Karatun da aka tura ka ke nan? Ka koyo yadda ake mayar wa uba magana?"

Ban tashi na tafi shagon ba. Daga ranar Baba ya daina yi mini magana, in na gaishe shi sai ya amsa wa rigar da ke cinyarsa. Na kai ƙara wajen Baban Ngozi ko zai ce wani abu, ya ce injin nasa ne amma hannun nawa ne, ba zai sa ni ba, ba zai hana ni ba. Iya kuwa ta sa aka mayar da zannuwan cikin adaka. Ta rage cin abinci, ta daina tsokanata, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Na dawo da karatuna bakin ƙofarta, ina zaune tana kwance. Wata rana da la'asar na rufe littafin na tambaye ta.

"Iya, ke kin tabbata ita ce?"

"Ina zan sani? Ni ma da za a kawo mini fuskarta yau, ba zan shaida ta ba. Yarinya ce fa, ko wankan kanta ba ta iya ba. Nauyinta na sani. Uwarmu na wajen surfen mutane, ni ke goyonta tun safe har rana ta faɗi. Ba ta da aiki sai ta sa ɗan yatsa a nan, ta bi tsagar nan har kunne, ta dawo, ta sake bi. In na ce ta bari, ta cije ni a kafaɗa."

Na ajiye littafin. Na taimaka mata ta zauna, na zagaya bayanta na durƙusa, na miƙa hannuna na dama ta saman kafaɗarta. Yatsana ya sauka a kan reshen.

"Me kake nema a bayana, maigida? In kwarkwata ce, ta gidanku ce."

Hansai ba ta yi kuskure ba, hoton ma bai yi ba. Ita ba ta gaba ta san yayarta ba. Daga baya ta san ta, inda dama take dama. Mu duka, har da Kawu Ila da ya yi ta rantsuwa, ta gaba muke kallon Iya, shi ya sa ba wanda ya gane abin da tsohuwar ke faɗa.

Sai dai fim ya ƙare, kuma Baban Ngozi ba zai je Kano sarin kaya ba sai bayan an koma makaranta. A makarantarmu jarrabawar da ke raba masu wucewa jami'a da masu komawa gida a makon farko ake yin ta, kowa ya san haka, ni ma na sani. Akwatina a shirye take, mahaifiyata har ta soya mini ƙuli-ƙuli da yaji. Na yi tunanin in je in dawo, na dubi ƙafar Iya na ga ba ta da wannan lokacin. Ba wanda zan bar wa aikin. Na samu Baba a zaure na ce zan tsaya sai na ɗauki hoto ɗaya. Rabon da ya yi mini magana an kwana biyu.

"Ka ƙi abin da na ce, yanzu kuma ka ƙi makaranta. To Allah ya ba da sa'a."

Motar da zan bi ta tafi. Na yi kwanakin jiran fim ina gwaji da kyamara ba komai a ciki. Matsakaicin idon nan mai rawaya na zaɓa, domin shi ne ke ganin abu kusan yadda idon mutum ke gani. Ba ya iya saita abin da ya fi kamu guda kusa, wato daidai inda kan yaro yake in ya ɗan janye daga bayan mai goyonsa. A cikin ɗaki haske kaɗan ne, dole in buɗe ƙofar idon duka, kuma in ka buɗe ta duka a irin wannan kusanci, abin da zai fito tar bai fi kaurin yatsa ba, sauran duk ya narke. Ga Iya tana haki, kowane numfashi sai ya ɗaga kafaɗarta ya fitar da tsagar daga saiti. Na koyi bin numfashinta da nawa. Akwai ɗan tsayawa tsakanin fitarsa da shigarsa, a nan ake dannawa.

Da fim ya zo, sai da muka jira safiyar da ta iya zama. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, hasken da ke shigowa ta ƙofa mai laushi ne. Ta yi ɗaurin ƙirji, ta ture ɗankwali sama. Na durƙusa bayan kafaɗarta ta dama, na sauke kyamarar ƙasa da kunnenta kaɗan. Kuncin ya sha haske, amma wuya da bayan kunne sun yi duhu ƙwarai, ina bukatar wani farin abu da zai mayar da haske wajen. Ina waige-waige sai na ga Baba tsaye a tsakar gida, ban san tun yaushe ba. Ya koma zaure ya dawo da farar rigar da yake aiki, allura na jikinta, ya shigo ya ware ta da hannu biyu.

"Nan?"

"Ku ɗan matso hagu, Baba. Ku karkata ta ƙasa."

Ya matsa. Hasken ya kwanta a wuyan Iya. Ta ce mu yi sauri, ita ba ta saba maza biyu su tsaya mata a ka ba. Na jira numfashin ya fita, na danna.

Shi ne hoton da ke falo. Kun san abin da ke ciki: kafaɗa, wuya, kunne mai tsohon huji da ya ja, gefen kunci da tsaga mai reshe, can gaba kuma hasken ƙofa da wani abu dishi-dishi wanda turmi ne. Na ce wa Kawu Ila kada ya yi bayanin komai, ya miƙa mata kawai. Yadda ya ba mu labari, ta riƙe shi nesa, ta juya shi, kamar za ta mayar. Sai ta kawo shi dab da fuskarta. Yatsanta na dama ya tashi da kansa ya sauka a kan tsagar, ya bi ta har kunne, ya dawo, ya sake bi. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce da babban ɗanta ya ɗaura wa shanu amalanke.

Ta gonaki suka zagayo da ita, Kawu Ila ya ɗauko ta a mota daga wannan gefen. Sun iso bayan azahar, gida cike da mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta fi Iya ƙanƙanta, Hausarta irin ta arewa. Aka shimfiɗa mata tabarma gaban Iya. Suka dubi juna, suka fara gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya damina, yaya jiki, kamar waɗanda suka haɗu a gidan suna. Gaisuwar ta ƙare, suka sake ɗauko ta daga farko. Ba wadda ta miƙa wa 'yar'uwarta hannu. Na ga Baba ya sunkuyar da kai. Can sai Hansai ta ce:

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ɗan ba ni bayanki."

Ba ta jira an taimaka mata ba, ta rarrafa ta zagaya. Ta zauna dab da bayan Iya, ta miƙa hannun dama ta saman kafaɗa, yatsan ya sami wurinsa ba tare da lalube ba. Sai ta kwantar da kanta a tsakiyar bayan. Iya ta rufe ido. Mun ɗauka kuka za ta yi.

"Hansai," in ji ta, "in kika cije ni yau, sauke ki zan yi."

Iya ta kai har kaka, ta ci sabon gero. Hansai ba ta koma ba sai bayan rasuwarta, ita ta yi mata wanka. Ni kuwa da na je makaranta na tarar an yi jarrabawa an gama, gurbina ya tafi, kuma ba a zalunce ni ba, ƙa'ida ce da na sani tun kafin in tsaya. Shekara ta zagayo na shiga makarantar horon malamai, na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, kamar yadda kuka sani. Abokan karatuna na wancan lokacin wasu sun zama likitoci, wasu manyan ma'aikata. Ba zan ce muku ban taɓa tunanin abin ba, na yi, musamman shekarun da kuke ƙanana abubuwa suka yi tsanani. Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, amma rigar da ya riƙe mini a ranar, da ya gama ta bai kai ta kasuwa ba. Ita na sa ranar ɗaurin aurena da mahaifiyarku.

Da Baban Ngozi zai koma garinsu ya bar mini gwangwanin. Yana cikin durowata ta ƙasa, idanun uku suna nan, dodon hoton kuma yana cikin farar takarda a ƙarƙashinsu. In wata rana kuka so sake buga shi, ku gaya wa mai aikin kada ya juya shi, ko da ya ce zai fi kyau a haka. In kuma baƙo ya sake tambayarku me ya sa tsohuwar ta ba mutane baya, ba sai kun yi dogon bayani ba. Ku ce ya matso kusa, ya ɗaga hannunsa na dama.